Jataka a fassarar Cowell: juzu'i shida, amma uku na farko ne na mai neman dabbobi

Wanda ya sayi wannan fassara yana zaton ƙaramin littafin tatsuniyoyin yara ne, zai sha mamaki. Juzu'i shida ne, labarai 547 da ake kira Jataka, waɗanda mabiya addinin Buddha ke ɗauka a matsayin rayuwar da Buddha ya yi a baya kafin haihuwarsa ta ƙarshe. Madaba'ar Jami'ar Kambirij ta fitar da su da Turanci daga 1895 zuwa 1907, daga matanin Pali, tsohon harshen littattafan addinin Buddha, wanda masani Fausbøll ya tsara, E. B. Cowell ne edita. Shi kansa ya rasu a 1903, bai ga kammalawar aikin ba.

Ba bisa jigo aka jera labaran ba, bisa yawan baitocin waƙar da ke cikin kowanne ne. Juzu'i na ɗaya, lamba 1 zuwa 150, duk masu baiti ɗaiɗai ne, shi ya sa gajeru ne. Ana gaba suna ƙara tsawo, har na shida ya ƙare da labarai goma kacal, galibi na sarakuna da 'ya'yansu. Saboda haka mai neman labarin dabbobi ya tsaya a uku na farko, lamba 1 zuwa 438.

A nan daɗin yake. Lamba 38, zalɓe ya yaudari kifaye cewa zai kai su babban tafki, yana cinye su ɗaya bayan ɗaya a gindin bishiya, har ya zo kan kaguwa. Ita ta ce sai dai ta riƙe wuyansa, da ta hango tulin ƙayoyin kifi ta matse, ta datse shi. Lamba 208, biri yana bayan kada a tsakiyar kogi ya ji ana son zuciyarsa, ya ce ai ya rataye ta a kan ɓaure. Lamba 215, kunkuru mai surutu ya buɗe baki yana sama, ya saki sandan da tsuntsaye biyu ke ɗauke da shi. Sai 316, zomon da ya faɗa wuta don baƙo ya sami abinci, aka zana surarsa a jikin wata. Wannan darasinsa kyauta ce, sauran kuwa hankali da kame baki.

Kowane labari yana zuwa da riga: dalilin da ya sa Buddha ya ba da shi, sai labarin, sai baiti, sai rufewa inda yake bayyana ko wane ne shi a ciki. Mai karanta wa yara ya tsallake farko da ƙarshe.

Aibinsa biyu. Masu fassarar sun tilasta wa baitocin amsa-amo irin na Turancin zamaninsu, ma'ana kan karkace don kawai ƙarshen layi ya dace, alhali baitin ne ainihin nassi, zuben kuwa sharhi ne. Sannan wasu labaran, musamman 536, cike suke da zagin mata, ba na yara ba ne.

Haƙƙin mallaka ya ƙare, kowa na bugawa. Bugun da kwamfuta ta sake tsarawa daga hoton shafi yakan lalata sunayen Pali masu ɗigo da ja a kai, ya cusa bayanan ƙasan shafi cikin labari. A nemi wanda aka ɗauki hoton shafukan asali, a kuma duba ko da fihirisar da aka fitar daban a 1913 a ciki, don in babu ita, neman kada ɗaya cikin labarai 547 aiki ne.