Kwikwiyon lafiyayye ne, amma maganin kaskarsa ya kusa kashe min mage

Tunda aka fara jin haushin kare a gidanmu mata ke ta tambayata inda muka samo shi, wasu har suna neman lambar mai sayarwar. Ba zan ba kowa lambar ba sai ta ji abin da ya same mu, musamman wadda take da mage a gida.

Mutumin yana kiwon karnuka ne a kudancin garin Kaduna, irin masu tallan nan a Facebook da WhatsApp. Mu kuma muna sabuwar unguwa a bayan gari, inda kangaye suka fi gidaje yawa, kuma tun da aka haura mana katanga aka kwance injin jan ruwa maigida ya ce kare ya zama dole. Masu cewa me ya kawo kare gidan Musulmi, na ji ku. Na gadi ne, malamai sun yi rangwame a kansa, ba ya shiga ɗaki, kwanukansa daban. Damuwata ni ita ce kyanwoyina biyu, Gimbiya da ta tsufa a hannuna da 'yarta Fara. Tun a waya ta farko na gaya masa haka. Ya ce, "Hajiya, kar ki damu, aikinmu ne."

Kuɗin dai kun san yadda suke yanzu. Bayan na kare da na kawowa akwai wani daban da ya kira kuɗin bibiya, wai yaronsa zai riƙa zuwa yana duba kwikwiyon, yana ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska har ya tasa. Muka biya duka.

Gaskiya a farko ya burge ni. Ranar da ya ce zai kawo, ranar ya kawo. Ɗan sati takwas, ruwa biyu ne da Alseshan, irin karnukan gadin nan na Jamus, idonsa garau, cikinsa ba a kumbure ba, yana cin abinci da kyau. Yara suka sa masa Zaki. Mutumin bai ajiye ya tafi ba, ya zauna a baranda ya yi min bayanin yadda za a haɗa su. Ya ce a fara barin kwikwiyon a keji, kyanwoyin su zo da kansu, kar a ɗauki mage a kai ta gabansa. Ya ce a goga tsumma a jikinsa a ajiye inda suke kwana don su saba da warinsa, a mayar da kwanon abincinsu wuri mai tudu da ba zai kai ba, kuma ko sau ɗaya kar a bari ya bi su da gudu, don in ya ɗanɗana daɗin kora shi ke nan. Shawarar ta yi aiki. Gimbiya ta yi kwanaki a kan katanga, bayanta a gantsare, gashi a tashe, tana huci. Ranar da aka fara sakinsa ya nufe ta yana kaɗa bindi, ta kai masa mari ɗaya a hanci, tun daga nan ya san girmanta. Har yau zaman doya da manja suke yi, amma ba faɗa. Fara kuwa yarinta na ɗibarta, ta maishe shi abokin wasa. Da hunturu ya shigo sai ta koma kwana a jikinsa, ta cusa kai a wuyansa tana lasar masa gashi. Na ɗauki bidiyonsu na tura masa, shi kuma ya ɗora a shafinsa yana talla da shi. Ku riƙe wannan.

Wata ranar da yamma yaronsa ya zo bibiya. Ya buɗe gashin ƙeyar Zaki ya matsa masa wani ruwan magani, ya ce kar a yi masa wanka, ya jefa kwalin a jakarsa. Fara tana zaune a gefe, har shafa kanta ya yi kafin ya fita. Bai ce min komai a kanta ba.

Da asuba 'yata ta shigo tana kuka, wai Fara ta kasa tashi. Na same ta a bayan randa, kunnuwanta suna motsi da kansu, fatar bayanta tana rawa, miyau yana dalala har ƙirji. In ta yunƙura sai ƙafafun su harɗe ta kife. Da na taɓa ta sai jijjigar ta ƙaru, idanun sun buɗe baƙi ƙirin. Na ɗauka shinkafar ɓera ta ci a maƙwabta, maigida ya ce ko kunama ce. Na naɗe ta a zani muka tari Keke zuwa asibitin dabbobi, tana ta karkarwa a cinyata, ina jin bugun zuciyarta a tafin hannuna.

Likita yana ganinta ya ce, "Hajiya, akwai kare a gidan? An sa masa maganin kaska?" Nan take suka wanke ta da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, suka tsane ta, aka yi mata allurar tsayar da jijjiga, aka sa mata ƙarin ruwa. Ya ce yawancin irin wannan magani na karnuka akwai sinadarin permethrin a ciki. Hantar kare tana iya narkar da shi, ta mage ba ta iyawa, sai ya taru ya bugi jijiyoyinta. Ba sai an sa wa magen ba, ta lashi karen ko ta kwanta a jikinsa ya isa. Kuma ba shi da makari, sai dai a wanke, a tsayar da jijjigar, a jira jiki ya fitar da shi. Ya ce ƙa'ida ita ce a raba su kwana uku bayan an sa wa kare, kuma duk mai sana'ar karnuka ya san haka.

Ya nemi sunan maganin don ya tabbatar, na kira mutumin. Ina masa bayani muryata na rawa, amsar da ya ba ni ita ce, "Hajiya, ai kare na sayar miki, ba mage ba." Wallahi wannan maganar ta fi komai yi min ciwo. Mutumin da ya yi talla da bidiyon magen nan tana lasar wuyan karensa! Da na matsa ya turo hoton kwalin. Ga permethrin a rubuce, ga kuma hoton mage an ja mata jan layi a kai, ɓaro-ɓaro, ko wanda bai yi boko ba zai gane. Kwalin da yaron ya jefa a jaka ke nan bai nuna min ba.

Zan faɗi alherin mai sayar da karen. Washegari ya zo asibitin da kansa, ya ba da haƙuri, ya ce yaron sabo ne, ya biya wani abu daga kuɗin jinya ba tare da na nema ba. Fara ta tashi, alhamdu lillahi, ta daɗe tana tafiya a hankali amma yanzu ta warware. A lokacin na huce, har na ce wa maigida a bar maganar, kowa yana kuskure.

Sai da na kai wa likita katin allurar Zaki da mutumin ya ba mu raina ya sake ɓaci. An yi alama a gaban komai, har da rigakafin ciwon haukan kare, da kwanan watan da ya nuna kwikwiyon yana ɗan sati shida. Likita ya ce wannan allurar sai kare ya kai wata uku ake yinta. Babu 'yar takardar jikin kwalbar da ake mannawa, babu hatimi, babu sa hannun likita. Ta parvo ma, cutar nan mai sa amai da gudawar jini da ke kashe 'yan kwikwiyo, maimaita ta ake yi a tsakanin makonni, amma katin ya nuna wai an gama. Dole muka faro daga farko, muka sake biya. Wannan ya fi na magen tsorata ni, don haukan kare in ya bayyana a jikin mutum ba ya warkewa, ga yarana kullum hannunsu a bakin Zaki suna wasa, ni kuma ina zaune da kati a durowa hankalina kwance. Da na tambayi mai sayarwar sai ya ce wai wani likita ne yake zuwa ya yi musu gaba ɗaya. Na ce wane ne, ya ce zai turo min lambarsa. Har yau.

Yanzu a asibitin ake yi wa Zaki komai. Kyanwoyin ma an yi musu tasu allurar haukan, maganin kaska kuma likita ya canza mana zuwa mai fipronil, wanda ake amfani da shi ga kare da mage. Karen kansa ba ni da abin cewa, yana girma da kyau, kunnuwa sun miƙe, dare in ya yi ko ganye ya motsa a bayan katanga sai ya sanar. Wadda ta dage sai ta saya a wurin mutumin, ta karɓi karen ta wuce da shi wurin likitan dabbobi a ranar, kar ta yarda da katin, kar ta biya kuɗin bibiya. Ni na ce kar yaronsa ya sake taka min gida, na nemi a mayar min da ragowar kuɗin bibiyar tunda zuwan da ya yi bai taka kara ya karya ba. Ya ce wai tsarinsu ba a mayar da kuɗi, sai dai in ina so a ba ni buhun abincin kare a madadinsa. Na ce ya kawo, shi ma ina nan ina jira.