Ga Ni Ga Emirates, Amma Kun Fi Ni Kallon Arsenal

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da sauran mutanen gida. Ka gaida min 'yan majalisar gidan kallo baki ɗaya, musamman Alhaji mai gidan, ka ce saƙonsa ya iso. Tun da na sauka Landan tambayarku ɗaya ce: yaya Emirates, filin wasan Arsenal, yake, kuma duk mako nake shiga? Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto, ka karanta musu a majalisa.

Abin da zai fara ba ku mamaki shi ne ku da kuke Kano kun fi ni ganin wasannin Firimiya. A Ingila akwai wata tsohuwar ƙa'ida tun shekarun 1960, ba a nuna ƙwallo kai tsaye a talabijin ranar Asabar daga ƙarfe uku saura kwata zuwa biyar da kwata na yamma. An kafa ta ne don kada jama'a su zauna a gida su bar filayen ƙananan ƙungiyoyi wayam. To idan wasa ya faɗo a wannan lokacin, wanda ba shi da tikiti sai dai rediyo, ko da gidansa yana jin ihun fili. Sauran wasannin kuma an raba su tsakanin Sky da TNT, kowanne da kuɗinsa na wata, ga lasisin talabijin na sama da fam 170 a shekara da duk gidan da ke kallon tashoshi kai tsaye yake biya. Ku kuwa kuɗin benci kawai za ku miƙa, Alhaji ya tada janareta, ya kunna talabijin uku, ku ga wasa uku a zama ɗaya. Wallahi ranar Asabar da yamma ku nake tunawa.

Shiga fili kuma wani karatu ne daban. Ba a zuwa bakin ƙofa da kuɗi a hannu kamar yadda muke yi a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Sai ka fara yankar katin zama mamba, ka riƙa sabunta shi duk shekara, kuma katin ba tikiti ba ne, izinin shiga layi ne kawai. Idan wasa ya matso sai ka sa sunanka ta intanet a yi ƙuri'a, wanda rabonsa ya rantse a cire kuɗin daga asusunsa a turo masa tikiti a waya. Wasannin ma hawa-hawa ne. Na manya, irin su Tottenham da Chelsea da Liverpool da Manchester United, kujera mafi araha tana kaiwa wajen fam 70, mai kyau ta haura fam 100. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi a nan ya koma fam 12.21 a awa, ka ga ƙaramin ma'aikaci irina sai ya tsaya aikin kusan awa shida kafin ya haɗa kuɗin zaman minti casa'in, ba a yi maganar haraji da kuɗin jirgin ƙasa ba. Tikitin kaka guda kuwa mafi sauƙinsa ya wuce fam 1,000, kuma ko kana da kuɗin sai ka yi shekaru a layin jira. Akwai 'yan cuwa-cuwa da ke ninka farashi, amma doka ta haramta sayar da tikitin ƙwallo ta bayan fage, kuma da yawa na jabu ne.

Duk da haka Allah ya nufa na shiga, kuma gani ya kori ji. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly yana sauke ka a tashar da sunanta ma Arsenal. Kana fitowa sai ka tsinci kanka cikin ƙananan layukan unguwa, masu tebur sun baje mayafan wuya ja da fari a ƙofar gidaje, ƙamshin soyayyar albasa ya cika ko'ina, 'yan sanda a kan manyan dawakai suna raka jama'a. Ga mutum-mutumin Henry a durƙushe kamar ranar da ya ci Tottenham, mutane na layin ɗaukar hoto. A ƙofa waya kawai za ka kara, ƙarfe ya juya ka wuce, ba turereniya, ba mai bulala. Lambar kujerarka tana jiranka ko ka makara. Banɗaki da ruwa, masu keken guragu da wurinsu na musamman, wasa kuma ana take shi a kan minti. Mutum dubu sittin su watse cikin ɗan lokaci ba a taka kowa ba. Wannan kam sai dai a sara musu. Abinci a ciki tsada gare shi kuma ba a karɓar tsabar kuɗi sai kati, gara ka ci naka tun daga gida.

Amma da na waiwaya na dubi waɗanda ke zaune, sai na ga furfura ta yi yawa, sai kuma baƙi masu yawon buɗe ido da suka zo sau ɗaya, waya a sama tun daga farko har tashi. Samarin unguwa, irinku masu ihu har murya ta dishe, su ne suka yi ƙaranci. Akwai wani dattijon Bature da muke aiki tare, mai goyon bayan wata ƙungiya ce a nan Landan. Ya ce yana yaro da canjin aljihu yake shiga fili ya tsaya a bayan raga, mahaifinsa ne ya fara kai shi, shi ma kakansa ya kai. Yanzu yana son kai jikansa, amma in ya lissafa tikiti biyu da mota da abinci sai ya fasa. Yana ba ni labarin idonsa ya kawo ruwa. Abin ya zama kamar mai gidan haya da ya yi wa gida fenti da tayil, ya ninka kuɗi, tsofaffin 'yan hayan da suka raya gidan suka koma leƙe ta taga.

Yadda aka zo nan kuwa kun san rabinsa. A 2006 aka bar Highbury mai cin mutum dubu 38 aka koma Emirates da aka kashe wa fam miliyan 390. Hujjar da aka kafa ita ce da babban fili za a yi kafaɗa da kafaɗa da manyan Turai. Shekarar ce ma muka je wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Paris, Barcelona ta ci mu biyu da ɗaya. Abin da ya biyo baya shi ne biyan bashi da sayar da 'yan wasa: Henry a 2007, Fabregas da Nasri a 2011, sannan Van Persie ya tafi Manchester United a 2012 ya ɗaukar musu kofi a kakarsa ta farko. Ka tuna irin tsiyar da aka yi mana a majalisa. Duk tsawon shekarun nan magoya baya suna biyan tikitin da yana cikin mafi tsada a Turai, ana ce musu zuwa na huɗu ma nasara ce. Daga 2004 da aka gama kaka ba a doke mu ba, lokacin su Kanu, sai da aka haura shekara ashirin ba a ɗaga kofin Firimiya ba.

Mai ƙungiyar, Stan Kroenke, attajirin Amurka ne. Ya fara sayen hannun jari a 2007, ya zama mai rinjaye a 2011, a 2018 ya sayi kason Alisher Usmanov a kan kusan fam miliyan 550. Wannan na ƙarshen ne ya fi yi wa mutanen nan ciwo, kuma mu a gida ba mu ma lura da shi ba. Akwai talakawa masu hannun jari ɗaya ko biyu, wasu gado suka ci daga iyaye, ba don riba suke riƙe da shi ba. Wannan 'yar takarda ita ke ba su damar halartar taron shekara su miƙe su yi wa shugabanni tambaya ido da ido. Da kasonsa ya haura kashi 90 cikin ɗari, doka ta ba shi damar tilasta musu sayarwa, taron ya mutu, aka rufe ƙofa. Mutumin yana da ƙungiyoyi da dama a Amurka, kuma shi ne ya ɗauke Rams daga St. Louis ya mai da ita Los Angeles a 2016. Mai iya ɗauke ƙungiya daga garinta, ai dole a riƙa sa masa ido.

A Afrilun 2021 aka ga abin da ake tsoro. Ƙungiyoyi 12, shida daga Ingila har da tamu, suka sanar da Super League, gasar da waɗanda suka kafa ta ba sa faɗuwa ko sun yi ta shan kashi. Ba a tambayi koci ba, ba a tambayi 'yan wasa ba, balle mai tikiti. Jama'a suka fito kan titi, cikin kwana biyu abin ya ruguje, dubbai suka kewaye Emirates ranar wasan Everton suna cewa Kroenke ya tafi.

Gaskiya ɗaya ce, tun daga nan iyalan Kroenke sun buɗe bakin aljihu. An tsaya wa koci Arteta lokacin da ake kiran a kore shi, an sayi Declan Rice fam miliyan 105 a 2023, an zo na biyu sau uku a jere daga 2023 zuwa 2025. Na san a majalisa wannan kaɗai ake kira buri: a sayo ɗan wasa mai tsada. Ni ma da haka nake gani. Yanzu kuwa ina ƙara tambaya ɗaya, wa zai zauna ya kalli ɗan wasan? Kwantiragin talabijin na cikin Ingila kaɗai fam biliyan 6.7 ne na kaka huɗu daga 2025, ban da na ƙasashen waje, wanda kuɗin da Alhaji ke biya duk wata yana ciki. Ƙarin da ake yi wa mai kujerar bayan raga ba zai sayi ko mai tsaron gida na benci ba. Ana yi ne kawai don an san in ya tashi akwai goma masu jira.

Na makwabta ma ya fi namu muni. Iyalan Glazer da bashi suka sayi Manchester United a 2005, a kan kusan fam miliyan 790, suka ɗora bashin a kan ƙungiyar da a da ba a bin ta komai, har wasu magoya baya suka yi fushi suka kafa tasu, FC United. A ƙarshen 2024, bayan shigowar Jim Ratcliffe, attajirin da ya sayi wani kaso na ƙungiyar, aka mai da ragowar tikitin kakar fam 66 ba ragi ga yaro ko tsoho. Ku gaya wa 'yan United na majalisa ba tsokana nake ba, tausayi ne.

Na san burinku a ce Aliko Ɗangote ya saye Arsenal. Ya sha faɗa da bakinsa, daga baya a 2024 ya ce lokacin ya wuce, matatar mai ta cinye kuɗin, farashin ƙungiyar kuma ya yi sama. Ni ma da zan yi alfahari a ce ɗan Kano ne mai Emirates. Amma ko shi ne, tambayar tana nan: in ya yanke hukuncin da bai yi wa jama'a daɗi ba, wa zai taka masa birki?

Abin da ya fi burge ni a nan, fiye da ciyawa da fitilu, shi ne magoya baya ba sa tsayawa a gunaguni. A Fabrairun 2016 Liverpool ta ce za ta kai wasu kujeru fam 77. Ranar wasan Sunderland, ana cika minti 77, mutum wajen dubu goma suka miƙe suka fice a natse, ba jifa ba fashe-fashe. Cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka ba da haƙuri suka janye. A shekarar ce kuma aka ƙayyade tikitin baƙi a Firimiya kada ya wuce fam 30, bayan shekaru ana matsa lamba. Rushewar ƙungiyar Bury a 2019 da rikicin Super League suka sa gwamnati ta yi bincike, har a 2025 aka yi dokar kafa hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa tantance masu sayen ƙungiyoyi da duba asusunsu. A Jamus ma sun fi haka nisa, ƙa'idarsu ta ce mambobi ne za su riƙe rinjayen ƙuri'a a mafi yawan ƙungiyoyi, shi ya sa tikitin tsayuwa a can yake da sauƙi, kuma mutum kusan dubu 25 ke tsayawa a ɓangare ɗaya a filin Dortmund.

Duk wannan Pillars yake tuna min. Mu tikiti bai taɓa hana talaka shiga Sani Abacha ba, kuma irin cikar da filin ke yi da amon Sai Masu Gida, wallahi Emirates ba ya kaiwa a yawancin ranaku. Ƙungiyar da ta ci gasar ƙasa a 2008, ta jera uku daga 2012 zuwa 2014, ta fitar da Al Ahly ta kai kusa da na ƙarshe a Afirka a 2009. Amma ta gwamnati ce, kamar yawancin ƙungiyoyinmu. In mai mulki yana son ƙwallo a ga kuɗi, in ba ya so a ga fari, shugabanni kuma su sauya duk lokacin da siyasa ta sauya. Mai goyon baya ba shi da kati, ba shi da taro, ba wanda ke karanta masa lissafin kuɗin ƙofa. In ransa ya ɓaci sai jifa, jifan kuma ya jawo tara da cire maki, irin wanda ya taimaka wajen faɗuwarmu a 2022. Ina so in ga ranar da za a yanka wa magoya bayan Pillars katin mamba na ɗan kuɗi kaɗan a shekara, su zaɓi wakilai biyu ko uku a hukumar gudanarwa, a riƙa karanta asusu a bainar jama'a. Masu cika filin nan sun isa su ɗauki nauyin wani kaso na albashi, in sun san inda kuɗinsu ke tafiya. Ku tattauna wannan a majalisa, ku gaya min abin da kuka gani, musamman Kawu da ya san ƙungiyar tun kafa ta a 1990.

Maganar rigar da ka roƙa, ta asali a shagon ƙungiya ta haura fam 80, in za a buga suna da lamba a ƙara wani kuɗin, kuma duk kaka sai sun sauya ta. Idan kaka ta kusa ƙarewa sukan karya farashi, lokacin zan saya maka in ba wani mai zuwa gida ya taho da ita. Ka turo min lambar da kake so a baya. A gaida Hajiya, a ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.