Horon ceton rai da na je a Tudun Wada, Gombe

Wata cibiya ce mai zaman kanta take koyar da agajin gaggawa ranar Asabar, gaskiya kuɗin da na biya bai tafi a banza ba. Malamar nas ce, ta iya bayani sosai wlh. Ta ce in jijiyar zuciya ta toshe mutum yana nan a farke, ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhu, ciwon na bin hannun hagu ko muƙamuƙi, ga zufa, mata da masu suga kuma wani lokaci kasala da tashin zuciya kawai suke ji sai a ce ai olsa ce a ba su madara. Wannan a zaunar da shi, ya tauna asfirin 300mg in ba ya da matsala da shi, a kira 112 ko a wuce asibitin koyarwa na tarayya kai tsaye.

In ko ya faɗi ba ya amsawa ba ya numfashi daidai, zuciyar ce ta tsaya, a bar yayyafa ruwa da fifita, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Hannu na gajiya fa, ba wasa ba.

Inda suka gaza, 'yar tsanar gwajin ta yi kaɗan ga yawanmu, kuma na'urar ba zuciya shokin a hoto kawai muka gani. Duk da haka 'yan Keke Napep da malaman makaranta ku je.