Mai Hoto da Mai Lissafi: Wace Ƙungiyar Dashen Itatuwa Za a Ba Gudummawa?

Hajiya, kin ce ƙungiyoyi biyu masu yaƙi da kwararowar hamada sun nemi gudummawarki. Ta farko ta turo hotunan ranar dashe da adadin itatuwan da ta dasa, ta biyu ta turo rahoton kuɗinta na bara, kuma kina tambayar wadda za ki amince wa.

Ki fara da asusun banki. Idan lambar da aka ba ki sunan shugaba take ɗauke da shi, kuɗin dashe da na cefanen gidansa sun haɗu a tukunya ɗaya, ko mutumin kirki ne ba mai iya rabe su. Ƙungiya mai tsari a Najeriya tana da rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, bisa dokar kamfanoni ta 2020, da takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram na hukumar EFCC, da asusu da sunanta wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita.

Hoto kuwa ranar farin ciki kaɗai yake nunawa. A watan Yuli ko Agusta ake dashe, ƙasa a jiƙe, kowane tsiro kore shar. Mutuwar tana zuwa daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ƙasa ta ƙeƙashe, awaki suka rasa ciyawa suka bi ƙananan darbejiya da bagaruwa suna cinye ganyen har ƙasa. Saboda haka adadin da aka dasa ba ya gaya miki komai. Adadin da ya tsallake rani shi ne magana. A nan rahoton kuɗi ya fi hoto amfani nesa ba kusa ba. A cikin rahoton ki nemi layin kuɗin shinge, da na ban ruwa, da na ladan mai kula da fili. Idan kuɗin duk sun tafi a sayen tsiro, riguna da bikin ƙaddamarwa, itatuwan nan ba za su ga damina ta biyu ba, kuma wannan asara tana ci mana rai.

Amma kada yawan shafuka ya ruɗe ki. Wa ya binciki lissafin, akanta na waje mai lasisi ne ko ma'ajin ƙungiyar? An ware kuɗin da aka bayar domin dashe kawai daga na gudanarwa? Albashi da man mota ba laifi ba ne muddin an rubuta su. Wadda ta ce ko sisin kwabo ba ta kashewa a ofis ita ce abar tuhuma.

Mu dai ta biyu muka fi karkata gare ta. Ki raba kuɗin kashi biyu, ki ba da rabi yanzu. Sauran ki riƙe sai ƙarshen watan Mayu, ki tura wani ya je filin da suka dasa bara ya ƙirga masu rai layi-layi.