Yaya, na'urar barcin nan ta aro ce

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya, da Hajiya, da Anti da yara. Mu nan Hamburg lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa.

Saƙonka na murya ya iso, sau biyu na saurare shi. Ka ce tun ranar da maman yara ta ba Anti labarin na'urar da nake kwana da ita, Anti ta hana ka sakat: ko dai in sayo maka irinta in ba mai zuwa gida, ko in aiko maka da tawa in je in karɓi wata, tunda a cewarku gwamnatin Jamus raba ta take kyauta kamar gidan sauro. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka yi haƙuri da tsawonta.

Ka san mu gidanmu minshari gado ne. Marigayi Baba in ya kishingiɗa a zaure bayan azahar, har masu wucewa ta lungu sun san Malam ya samu barci. Ni ma haka na taso, ana tsokanata ina ramawa. Ban taɓa ɗaukarsa ciwo ba sai bara, da maman yara ta tashe ni tsakar dare tana hawaye. Ta ce minsharin bai dame ta ba, ta saba da shi. Shirun da ke biyo bayansa ne ke tsorata ta. Sai in yi ta ja, in yi ta ja, can sai ɗif, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga. Ta ce ta ƙirga har talatin kafin in yi wata irin shaƙuwa kamar wanda aka tsamo daga rijiya, in juya, in ɗora daga inda na tsaya. Na ce mata ta yi addu'a ta kwanta, ƙila dannau ne. Bayan sati biyu, na ɗauko kwantena daga tashar jiragen ruwa, na tsaya a danja, ban farka ba sai da na baya suka cika titi da hon. Ƙafata na kan birki, Allah ne kaɗai ya tsare. Washegari na tafi wurin likita.

A nan ba a farawa da babban asibiti. Kowa da likitansa na unguwa: ka miƙa katin inshora, a zura a na'ura, ka nemi kujera. Ba wanda ya ce in je in biya in kawo rasit. Likitar ta ba ni takarda mai tambaya takwas, duk a kan gyangyaɗi: in kana karatu a zaune, in kana kallon talabijin, in kana zaune a taro, in an ɗauko ka a mota na awa guda, har da in ka tsaya a cunkoson motoci. Kowace tambaya maki 0 zuwa 3 ne, jimla 24, wanda ya haura 10 akwai magana a kansa. Na ci 17. Na ce a raina da sun sa huɗubar Juma'a a ciki da na ƙara uku. Ta auna wuyana da awo irin na tela, ta duba hawan jini, ta ce kada in sake hawa babbar mota sai an gama bincike. Kamfani ya mayar da ni aikin sito, kuɗin tafiye-tafiye da nake samu ya yanke. Shi ya sa ka ga abin da nake turo wa Hajiya ya ragu a watannin nan, ban dai faɗa muku dalili ba.

Daga nan aka shiga jira, kuma jira shi ne kuɗin da ake biya a ƙasar nan. Likitan huhu na farko da na kira ya ba ni rana bayan wata uku. Sai likitata ta sa wata lamba ta gaggawa a takardar turawa, ta ce in kira 116117, layin da ke nema wa masu inshorar gwamnati ganin ƙwararren likita cikin sati huɗu. Aka samo min wani a can ƙarshen gari. Shi ya ba ni ɗan akwati in tafi da shi gida: ɗamara ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki, siririyar roba a hanci, da wani ɗan matsi a yatsa mai auna iskar da ke cikin jini. Na kwana da su, na mayar da safe. Ya duba ya ce sai an kwantar da ni a ɗakin gwajin barci, abin da suke kira Schlaflabor. Wannan kuma wata biyu na ƙara jira.

Daren farko a can, wata ma'aikaciya ta shafe kusan awa guda tana manna min wayoyi a kai, da gefen ido, da haɓa, da ƙafafu, da wani abu mai danƙo da sai da na yi wanka biyu ya fita daga gashi. Ga kyamara a saman gado. Na ce mata a haka wa zai iya barci? Ta ce duk haka kuke cewa. Ban kai minti goma ba.

Da safe likita ya juyo min da fuskar kwamfuta ya nuna min. In mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da tushen harshe sukan saki. Ga wasu sakin kaɗan ne, iska ta riƙa kaɗa naman, shi ne minshari. Ga irinmu kuwa hanyar ce ke rufewa gaba ɗaya, kamar ka taka mesa ana ban ruwa. Iskar jini ta yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe ka na ɗan daƙiƙoƙi, ka ja numfashi, ka koma, da safe ba ka tuna komai. Abin da suke ƙirgawa shi ne sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai na aƙalla daƙiƙa 10 a cikin awa guda. Daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Nawa 41. Yaya, yi lissafin barcin awa bakwai, sau kusan 290 ke nan a dare ɗaya. Ashe shekara da shekaru kwanciya kawai nake, ba barci ba. Na ba shi labarin Baba, da hawan jininsa da ya ƙi jin magani, da shanyewar ɓarin jikin da ta zama ajalinsa. Ya ce wannan ciwo yana ƙara haɗarin duka biyun. Ajali na Allah ne, ban ce ga sanadi ba. Amma na daɗe a tashar bas ranar ina tuna zauren nan da dariyar da muke yi.

Dare na biyu suka ɗaura min na'urar. Sunanta CPAP, wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fito da dabarar a Sidni, ya wallafa ta a 1981. Ba iskar asibiti ta cikin tukunya ba ce, iskar ɗaki ce take zuƙa ta hura maka ta mesa zuwa takunkumi, ƙarfin hurawar ya tokare maƙogwaro kada ya rufe. Ma'aunin ƙarfin daga 4 ne zuwa 20, kuma cikin dare suka yi ta ƙarawa suna ragewa har suka tsaya a 9. Wannan 9 ɗin tawa ce, kamar lambar gilashin ido. Na farka da asuba na ji kaina wasai, har na tsargu.

To ga maganar kyauta. Duk wata, kafin albashi ya shigo hannuna, an cire na inshorar lafiya. Ƙa'idar ita ce kashi 14.6 cikin 100 na albashi, da wani ƙari da kowace hukumar inshora ke ɗorawa, a raba biyu, rabi ni rabi kamfani. Hukumomin nan sun haura 90, mutane na ce musu Kasse a taƙaice, kuma kusan mutum tara cikin goma a ƙasar a ƙarƙashinsu suke. Tsarin tun 1883 yake, zamanin Bismarck. Shekara goma sha ɗaya ina duba takardar albashi ina tsaki a kan layin nan, don ban da ciwon haƙori ba abin da ya taɓa kai ni asibiti. Adashi ne babba wanda ba ka san ranar kwasarka ba, kuma ba ka fatan ta zo. Maman yara da yaran duka suna cikin nawa ba tare da ƙarin sisi ba.

Abin da ya fita daga aljihuna ranar kwasa: yuro 10 na na'ura, don doka ta ce kashi 10 cikin 100 na kuɗin kayan jinya, amma kada ya gaza yuro 5, kada ya wuce 10. Sai yuro 10 na kowace rana a gadon asibiti, inda kwana biyu ya zama rana uku a lissafinsu, har da ranar shiga da ranar sallama. Yuro 40 ke nan. Har kuɗin wutar da na'urar ke ci suna mayarwa in ka rubuta ka nema, amma ba mai gaya maka. Wani dattijo Baturke ne ya raɗa min a ɗakin jira.

Sai dai na'urar ba tawa ba ce. Kasse ta yi kwangila da wani kamfanin kayan jinya, shi ya kawo ta, ya sa ni na sa hannu cewa aro ce. Su ke gyara ta, su ke ba da sabon takunkumi da mesa da matatar iska. A cikinta akwai ɗan kati mai rubuta awa nawa na yi da ita kowane dare, kuma ni da nake tuƙin babbar mota dole a duba ni duk shekara kafin lasisina ya ci gaba da aiki. In na sa ta a jakar wani ya kai Kano, na yi kyauta da kayan mutane, na kuma ajiye aikina da hannuna. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wannan ya rufe, amma katarar mutum ɗaya. Abokina ɗan Damagaram da ke Faransa ya ce nasu ya fi tsauri: na'urar da kanta take aika rahoto, ana son awa 112 cikin kowane kwana 28, gwamnati ta biya kashi 60, sauran kuma inshorar ƙari.

Kada ka ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. Takunkumin farko mai rufe hanci da baki ne, kuma gemu ya hana shi zama. Iska ta riƙa tsiyaya tana hura min ido, tana wata ƙara da ba zan kwatanta maka a rubuce ba. Wanda ya kawo kayan ya ce in aske. Na ce a sake shawara. Sati uku ina kiran layinsu ana sa min kiɗa ina jira, kafin aka canza min da ƙarami mai shiga ƙofofin hanci kawai. Ga kuma bazararsu: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, kafin biyar ta fito, tsakanin isha'i da asuba ɗan taƙi ne. Sai in ɗaura, in kwance, in yi salla, in sake ɗaurawa. Auta kwana uku tana gudu na, wai Baba ya zama giwa.

In zan yi adalci, a gida mai kuɗi yakan ga babban likita cikin sati, abin da ni na yi wata uku ina bi. Kuma a gida ba za ka kwana a asibiti kai kaɗai ba tare da ko mai miƙo maka ruwa ba. Amma ka tuna jinyar Baba, yadda muka riƙa tsayawa a bakin taga da rasit, har filin Hajiya ya tafi. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fita. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, amma kai da ke Kantin Kwari ba albashin da za a cira. In za ka shiga tsarin taimakekeniya na jiha, ka shiga, yana da amfani, sai dai ka tambaye su ƙarara ko gwajin barci da na'ura suna ciki kafin ka jingina da shi.

Saye kuwa ana saye. A nan sabuwa tana kamawa daga wajen yuro 600 zuwa sama da 1000, kuma sukan nemi takardar likita. Akwai mai daidaita ƙarfin iska da kanta, ita ta fi dacewa da kai. Zan iya haɗa kuɗin zuwa bayan salla. Amma kafin nan sai likita ya tabbatar ciwon ne, don ba kowane mai minshari ke da shi ba. Ka nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ko na ƙirji, a asibitin koyarwa. Sai maganar wuta: ba ta fi fanka ci ba, amma tana son ta dare har asuba ba yankewa, don haka sai an haɗa da batir da inbata ko sola. Ƙurar hunturu kuma za ta riƙa toshe matatar iskar, sai in haɗo maka da yawa.

Don Allah kada wani ya kai ka wurin wanzami a ce beli ne, a yanke. Kada ka sha ƙwayar barci, ƙara sakin maƙogwaro take. Ka riƙa kwanciya a gefe maimakon rigingine, ka rage tuwon dare, tumbin nan da na gani a hoton bikin ba na arziki kaɗai ba ne. Tuƙin dare zuwa Kaduna kuma ka bar wa yaron shago.

Yau da dare ka ba Anti wayarka. In barci ya ɗauke ka, ta ɗauki minti goma, ta matso da wayar kusa da fuska da ƙirji, kuma kada ta tashe ka in ka yi shiru, ta ƙirga kawai. Ka je wa likita da shi, ni ma ka turo min. A gaida Hajiya, amma kada a faɗa mata maganar danja.

Ƙaninka.