Feshin Liqui Moly na wanke hanyar iskar injin dizal: inda yake aiki da inda ba ya kaiwa

Gwangwanin Pro-Line ne mai mililita 400, wanda ake fesawa ta hanyar iska inji na aiki. Magani ne na dattin da bai riga ya daskare ba. Wanda ya saye shi don ya buɗe bawul ɗin EGR da ya toshe gaba ɗaya zai yi asarar kuɗinsa.

Aikin EGR shi ne mayar da wani kaso na hayaƙin salansa cikin silinda, don zafin ƙonewa ya ragu, iskar NOx mai guba ta yi ƙasa. Hayaƙin yana tafe da kunkunniya. Ita kaɗai busasshiya ce, amma a cikin manifol, wato bututun da ke raba iska zuwa silindoji, tana haɗuwa da tururin baƙin mai da ke fitowa daga numfashin inji, sai su zama wani abu mai danƙo kamar kwalta, ya riƙa tsuke hanyar. Daga nan mota ta rasa ƙarfi, ta yi baƙin hayaƙi, ta riƙa karkarwa a sulo, kwamfuta kuma ta nuna lambar matsala P0401 idan hayaƙin ba ya wucewa yadda ya kamata, ko P0402 idan bawul ya maƙale a buɗe.

Wajen fesawa ake yin ɓarna, don haka a kula. Inji ya yi zafi sosai tukuna. A cire tiyon iska a bayan sensar auna iska, kusa da manifol, domin ruwan yana lalata sensar, kuma babu amfanin bi da shi ta turbo da na'urar sanyaya iskar turbo inda zai taru. Mutum ɗaya ya riƙe totur a wajen juyi 2,000 a minti, ɗaya ya fesa na daƙiƙa 2 zuwa 3, ya tsaya, ya jira inji ya daidaita. Ruwan yana ƙonewa, kuma injin dizal yana cin duk abin da ya shigo masa, saboda haka idan juyi ya yi tsalle ko aka ji ƙwanƙwasa, a daina feshin nan take. Dogon feshi na iya tara ruwa a silinda, fiston ya kasa matse shi, sandarsa ta lanƙwashe. Bayan an gama a mayar da tiyo, a hau babban titi da motar.

A kan siririn danƙo yana aiki da kyau, musamman a farantan juya iska da bakin bawulolin shiga. Rauninsa shi ne yana bin iska ne kawai. Gefen bawul ɗin EGR da ke kallon salansa, da bututun sanyaya hayaƙin, ba ya taɓa su, alhali nan ne toshewa ta fi tsanani.

Idan kaurin dattin ya kai milimita da yawa, sai kwancewa. A cire bawul, a kankare da burushin tagulla, a wanke da wannan ruwan ba tare da ya shiga ɓangaren lantarki ba, a gwada ko sandar tana motsi sumul, a sa sabon gasket. Motoci da yawa suna buƙatar a sake saita bawul ɗin da kwamfuta. Manifol kuwa a ciro shi a wanke shi a ƙasa, kada ɓarɓashi ya faɗa silinda.

Ko an yi wannan duka, datti zai dawo da wuri muddin nozul na ɗiga, turbo na yoyon mai, ko tamostat ya maƙale a buɗe inji ba ya kaiwa zafinsa. Gajerun tafiye-tafiye da dogon sulo ma suna ƙara shi. Ga motar da ba ta da waɗannan matsaloli, gwangwani ɗaya kafin juyen baƙin mai ya cancanci saye.