Maitokondiriya ko cibiyar ƙwayar halitta: wanne ya fi nuna dangantakar ƙwari?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko DNA ɗin maitokondiriya (ƙananan sassan da ke samar da makamashi a cikin ƙwayar halitta) ya isa a gano dangantakar ƙwari, ko sai an koma ga na cikin cibiyar ƙwayar halitta. Ya danganta da nisan zumuncin da kake bibiya.

Na maitokondiriya ɗan ƙarami ne, a zagaye kamar zobe, ɗauke da ƙwayoyin gado 37 a yawancin ƙwari. Ta wajen uwa ake gadonsa, kuma yana da yawa a jiki, har ƙafar ƙwaro ɗaya kan wadatar. Saurin sauyawarsa ne ya sa Paul Hebert da abokan aikinsa, a 2003, suka kawo shawarar amfani da guntun COI, ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyin gado, mai haruffan DNA kusan 650, wajen tantance jinsi. A kan dangi na kusa, aikinsa yana kyau ƙwarai.

Amma saurin nan shi ke ba da matsala idan zumunci ya yi nisa. Wuri guda ya sauya, ya sake sauyawa, har sawun farko ya goge. Ga kuma haruffan A da T, biyu daga cikin haruffa huɗu na DNA, da suka yi masa yawa (a ƙudan zuma sun kai kusan kashi 85 cikin 100), sai ƙwarin da ba su haɗa kaka ba su yi kama da juna. Abin da ya fi damuna shi ne tarihin uwa kawai yake bayarwa. Sauron Anopheles gambiae da arabiensis jinsi biyu ne, amma barbarar da ta auku tsakaninsu ta cakuɗa maitokondiriyarsu, don haka da alamar cikin cibiya ake raba su. Ƙwayar Wolbachia ma, bakteriyar da ke zaune a jikin ƙwari kuma ake gadonta ta wajen uwa, takan ja layin uwa ɗaya ya mamaye jinsi.

Na cibiya kuwa uwa da uba ne suka ba da shi, da ƙwayoyin gado dubbai, kowace da labarinta. Da guda 1,478 aka yi babban binciken 2014 da ya kai asalin ƙwari zuwa shekara miliyan 479 da suka wuce. Sai dai ya fi tsada da wahala.

Ni dai da COI nake so ɗalibi ya fara, sannan ya gwada sakamakon da ƙwayoyin gadon cibiya ko kaɗan ne. Idan fara ce a hannunka, ka yi hattara: guntayen maitokondiriya da suka ƙaura cikin cibiya suna da yawa a jikinta, kuma sukan sa jinsi ɗaya ya fito kamar biyu.